Auna Masu Sanyaya Kwamfuta Bisa Adalci

Aikin jarida ya koya mini in tambayi yadda aka yi awo kafin in yarda da sakamakonsa. Wannan ɗabi'a ce take hana ni gaskata yawancin masu yabon farantin sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau dunƙulen jan ƙarfe mai siraran magudanai wanda ruwa ke ratsawa yana kwashe zafi zuwa lagireto.

Sai ka ji an ce na kamfanin EKWB ya fi na Alphacool da digiri 2, mutum ya zuba kuɗinsa bisa wannan magana. To, amma a wane ɗaki aka gwada? Farantin da aka auna da sanyin hunturu lalle ne ya kayar da wanda aka auna da bazara, ko da ƙira ɗaya ce. Saboda haka masu gaskiya ke rubuta ratar da ke tsakanin zafin ƙwaƙwalwar da zafin ruwan, kuma famfo da fanka da lagireto ba sa canzawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne man da ake shafawa tsakanin ƙarafan biyu. Yawansa, da yadda aka ɗaure kusoshi, suna iya kawo bambancin digiri 1 ko 2, daidai ratar da ake taƙama da ita! Don haka sai an kwance an sake ɗaurawa sau 3 ko 5, a ɗauki matsakaici, kana in saurari mai awon.