Neman Izinin Shiga Rauda

 

'Yan uwa, duk wanda ya ziyarci Madina kafin 2020 ya san cewa shiga Rauda, wurin nan da ke tsakanin ɗakin Manzon Allah (SAW) da mimbarinsa, ba ya buƙatar komai sai haƙuri da ƙarfin kafaɗa. Annobar korona ce ta sauya al'amarin. Da aka sake buɗe wurin a Oktoban 2020 sai aka ce sai da izini ta manhajar Eatmarna, wadda Nusuk ta gaje ta a 2022. A ƙarshen 2023 kuma hukumomin Saudiyya suka sanar cewa mutum ba zai sami izinin ba sai sau ɗaya a shekara. Ban ga laifinsu ba. Wuri ne da tsawonsa bai wuce mita 22 ba, faɗinsa kimanin 15, alhali miliyoyin mutane ke kwaɗayinsa.

A Rajab na 1445, wato Janairun 2024, Baffana ya sayar da riɗinsa ya biya mana kuɗin Umara, ni a matsayin ɗan rakiya. Dattijo ne da bai taɓa fita Nijeriya ba, kuma tun ina yaro nake jin sa yana ba da labarin Abu Lubaba, sahabin da ya ɗaure kansa a jikin ginshiƙin masallaci bayan abin da ya faru game da Banu Ƙuraiza, har Allah Ya karɓi tubarsa. Ginshiƙin yana cikin Rauda. Burin Baffa shi ne ya yi raka'a biyu a kusa da shi.

Ranar da biza ta fito na yi mana rajista. Duk ranar da na taɓa cikin kwana huɗun da za mu yi a Madina, a cike take. Na riƙa dubawa bayan Asuba, da tsakanin darasi da darasi a Islamiyya, har ɗalibai suka fara kallon juna ganin Malam da waya a hannu. Sau biyu na hau mota daga Kafin Hausa zuwa Haɗeja don kawai intanet ɗin can ya fi ƙarfi. Wani ya ce da tsakar dare ake sakin gurabe, wani ya ce ran Juma'a. Na gwada duka, har muka tashi daga Kano hannu rabbana.

A Madina, a bakin masaukinmu, wani matashi Bahaushe ya tare mu ya ce zai samo mana izini nan take idan muka ba shi riyal. Baffa har ya kai hannu aljihu. Na ce, "Baffa, izinin nan kyauta ne, kuma da sunan mutum da lambar fasfonsa yake fita. In da na wani aka shigar da mu, da ƙarya muka shiga, a gaban kabarin mafi gaskiyar halitta." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗan nan, in muka koma ban shiga ba fa?"

Amsar malanta ina da ita: shiga Rauda ba ya cikin rukunan Umara ko wajibanta, kuma ninkin ladan salla ya game masallacin gaba ɗaya. Na faɗa masa. Amma wanda ya yi shekara arba'in yana ɗauke da buri, fiƙihu ba ya sanyaya masa zuciya a dare ɗaya, kuma ina ganin mu masu karantarwa mun cika gaggawar kiran irin wannan shauƙi jahilci.

A darenmu na uku, wajen ƙarfe ɗaya, gurbi guda ya bayyana, wataƙila wani ne ya fasa. Na kama shi da sunan Baffa. Na raka shi har inda ake duba waya a harabar masallaci, na miƙa masa tawa, na zauna ina jira. Da ya fito na tambaye shi ko ya gane ginshiƙin Abu Lubaba. Ya ce wallahi bai ko ɗaga kai ba, sujada kawai ya yi har ma'aikaci ya taɓa kafaɗarsa.