Hular Malam da Hannun Inna



Tun da na buɗe ido na san mahaifina, ban taɓa ganinsa ba tare da farar hularsa ta saƙa ba. A kanta yake naɗa rawani in zai fita masallaci, da ita kuma yake zama a zaure yana biya wa almajirai karatu. Duk hulunan nan hannu ɗaya ne ya saƙa su, hannun Inna, Allah ya jiƙanta. Kowace shekara kafin ƙaramar salla takan gama masa sabuwa, tsohuwar kuma ta koma kan babban almajiri. Da ta rasu a 2021 guda biyu ta bar masa. Ɗaya ta salwanta a wurin wanki, ɗayar kuwa, zuwa hunturun 2023, bakinta ya zaizaye, tsakiyarta ta hude har ana hango furfura.

Na je Kasuwar Dole ta nan Damagaram na sayo masa guda uku, saƙar inji, irin waɗanda alhazai ke zuwa da su tsaraba. Ya karɓa, ya sa mini albarka, washegari na gan su a kawunan almajirai. Malam ba mutum ba ne mai faɗin abin da ke ransa, amma wanda ya tashi a gabansa ba ya bukatar fassara.

Na ari tsohuwar hular da dare na kai wa maiɗakina, domin ta iya kwarashi gwargwado, ita ke saƙa wa yaranmu hula da safa. Ta juya ta, ta ɗaga ta saitin fitila, sa'an nan ta ce, "Malam Ƙarami, ni abu uku na sani, sarƙa da gajere da dogo. Wannan ado da ke jikinta ya fi ƙarfina." Sai muka buɗe adakar Inna. A cikin wani tsohon gwangwanin madara muka tarar da kwarashinta na ƙarfe guda uku, da ragowar farin zaren auduga, a ƙarƙashi kuma wani ɗan littafin saƙa na Faransanci wanda bangonsa ya yage, da ta samu a gidan koyar da mata sana'a tun kafin a haife ni.

Muka raba aiki: ni in karanta, ita ta saƙa. Na yi kwalej, na yi lise, na ɗauka littafin zare da ƙugiya ba zai gagare ni ba. Ashe kowace kalma an gutsure ta an bar harafi biyu ko uku, an cakuɗa da lambobi da taurari, shafin ya zama kamar hatimi. Ina fassara mata kalma bayan kalma, tana bi, abin da ke fitowa kuwa ba ya kama da komai. A dare na uku muka soma sa-in-sa. Ta miƙo mini kwarashin ta ce, "Karɓi ka yi da hannunka, sai ka san abin da bakinka yake faɗa." Na karɓa da niyyar in nuna mata kuskurenta. Har yau ban mayar mata ba.

Mako biyu na yi kafin sarƙata ta daina zama wani ido ƙato wani tsuke. A gidanmu ido muke ce wa kowane ɗauri guda da kwarashi ya yi. Gajere ba shi da wuya: ka soka kwarashi a ido, ka jawo zare, ka sake naɗowa ka fitar ta cikin madauki biyun da ke kansa. Dogo kuma sai ka naɗa zaren tun kafin ka soka, madaukai su zama uku, ka sauke su biyu-biyu. Wannan kowa zai iya haddacewa cikin minti biyar. Abin da ba ya haddatuwa shi ne riƙon zare a yatsan hannun da ba ya riƙe da kwarashi, kada ya yi tauri kada ya yi sako-sako. Ni da tauri na fara, kamar mai ɗaure akuya, har kwarashi mai kaurin milimita 1,75 ya ƙi shiga idon da ni da kaina na yi.

Wata rana na lura da wani abu da ya kamata in lura da shi tun farko. Inna ba ta yi lakwal ba, ba ta san ko kalma ɗaya ta Faransanci a rubuce ba, to yaya ta yi da littafin? Na duba da kyau, sai na ga ɗige-ɗigen fensir ɗinta duk a kan zane suke, babu ko ɗaya a kan rubutu. Kowane salo an zana shi da alamomi: ɗan kewaye mai kamar ƙwayar shinkafa shi ne sarƙa, gicciye shi ne gajere, sanda mai hula da ɗan layi a gicce ita ce dogo, baƙin ɗigo kuma wurin haɗe zagaye. Ana fara karantawa daga tsakiya a yi waje. Daga baya na ga alamomin nan su ne a littattafan saƙa na Japan, waɗanda mutum zai bi ko bai san harafinsu ɗaya ba. Ni mai takardar makaranta na tsaya ina kokawa da kalmomi, alhali ita ta daɗe da shiga ta ƙofar da ke buɗe.

Daga nan sai hular kanta ta soma karantuwa. Na ƙirga tsakiyarta da bakin allura, na samu dogo 12 a zagayen farko, 24 a na biyu, 36 a na uku. Wato kowane zagaye ana ƙara 12, kuma wannan ita ce ƙa'idar faifai in da dogo ake saƙa shi. In da gajere ne, 6 ake ƙarawa. Wanda ya ƙara fiye da haka, bakin aikinsa zai yi ta lanƙwashewa kamar ganyen salati, wanda ya gaza kuma zai ga ƙoƙo ya fito masa tun ba a zo wurin ƙoƙo ba. Duka biyun na yi su. Na auna cikin darar Malam da tef ɗin tela na samu santimita 57, na raba da 3,14 kamar yadda mushe ya koya mana a kwalej, ya ba ni kusan 18, faɗin da faifan zai kai kafin a daina ƙari a gangaro gefe. Wannan shi ne karo na farko da lissafin da'ira ya yi mini rana. Inna dai ba ta da tef. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: zagayenta 14 ne, ido 168, faɗin kuma daidai da abin da lissafina ya bayar.

Adon gefen ne ya ci mini wata guda. Tun da sunayen littafin sun ƙi zama a bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Akwai wanda muka kira mafici: dogo biyar a ido ɗaya, a tsallake ido biyu, a kafe da gajere, a sake tsallake biyu. Kowane mafici ido shida yake ci, saboda haka 168 ke ba da mafici 28 cif. Akwai gugguru, shi ma dogo biyar ne a ido ɗaya, sai dai in ka gama za ka zare kwarashin, ka soka shi a kan na farkon, ka kamo madaukin da ka saki ka jawo, sai su dunƙule su yi tudu. Akwai jijiya, inda kwarashi ba ya shiga kan ido, sai ya zagaya jikin dogon da ke ƙasa, layi ya taso kamar jijiyar bayan hannu. Da ita Inna take ƙarfafa bakin hula don ya kama kai. Can ƙarshe kuma ɗan kunne, sarƙa uku a mayar a kafe a ta farko. Abin da ya ba ni mamaki, duk wannan ado babu wani sabon motsi a cikinsa. Abubuwa ukun nan ne da maiɗakina ta ce su kaɗai ta sani, wurin sokawa ne kawai yake sauyawa, da yawan abin da ake tarawa a wuri guda.

Ranar da na iso mafici na 28 na tarar ido biyar ya rage mini maimakon shida. Na bi baya ina ƙirgawa har na gano inda na tsallake ɗaya, zagaye biyar a ƙasa. Na so in ɗan matse in wuce, wa zai gani a ƙarƙashin rawani? Maiɗakina ta ce, "Kai za ka gani." Na ja zaren, aikin dare shida ya warware kafin shayi ya huce. Saƙar kwarashi tana da wannan hali, madauki ɗaya tak ke riƙe da ita, shi ya sa warwararta ba ta da wuya ko kaɗan, sai dai a zuciya.

Duk wannan a ɓoye nake yinsa, bayan isha'i, ƙofa a rufe. Wani abokina ya shigo ba zato ya gan ni da zare a yatsa, ya kira ni da sunan da ba zan maimaita ba a wannan shafi. Na ji zafi, na kwana ina tunani. A ƙofofin gidajen Zango maza ne ke zaune da allura suna ɗinkin hula da aikin wuyan riga, almajirai nawa ne suka ci abinci da wannan sana'a? Masaƙa ma da ke jefa ƙoshiya maza ne. To me ya raba allura mai ido da allura mai ƙugiya? A ganina hanyar shigowa ce kurum. Sunan kansa baƙo ne, asalinsa kalmar Faransanci ce mai nufin ƴar ƙugiya, kuma ta ajin ƴan mata da gidajen koyar da mata ya iso mana, sai muka ɗauka da zane aka haife shi. A ƙasar Ailan, lokacin yunwar da ta fara a 1845, gidaje da dama da saƙar leshi ta kwarashi suka sami abin sawa a baki, ban kuwa tsammanin mai jin yunwa ya tsaya tambayar aikin wane ne. Duk da wannan hujja tawa, ban fasa rufe ƙofa ba.

Na gama ana saura kwana kaɗan a kama azumin 2024. Na shimfiɗa sabuwa kusa da tsohuwa, ƙirga ta yi daidai, zagaye da zagaye, mafici da mafici, amma ido ya ƙi yarda cewa abu ɗaya ne. Layuka 12 da suka taso daga tsakiya, nawa sun karkata gefe guda, nata sun karkata ɗaya gefen. Na ɗauki hoto da waya na buɗa shi, sai na ga kan kowane dogo nawa yana zaune ta dama da jikinsa, nata kuwa ta hagu. Na koma littafi, babu kuskure. Na shiga intanet ina bin bidiyon masu koyarwa ɗaya bayan ɗaya, har na faɗa kan wata mata da aikinta yake tafiya daga hagu zuwa dama, saɓanin nawa. Maiɗakina ba ta ce komai ba, ta tashi ta ɗauko madubi ta kafa a gefen hulata. Abin da ke cikin madubin hular Inna ce.

Shekara nawa na yi ina zaune a gabanta tana saƙa, ban taɓa lura da hannun da ke riƙe da kwarashin ba. Da dama take ci, da dama take miƙa abu, da dama take riƙe carbi.

Bayan sallar asuba na bi Malam zaure, na durƙusa na ajiye hulunan biyu a kan buzunsa. Ya ɗauki sabuwar, ya daɗe yana shafa gugguru da babban yatsa. Ya ce, "Wa ya yi?" Na sunkuyar da kai na ce, "Allah gafarta Malam, ni ne." Na jira faɗa, bai zo ba. Sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko Inna bahaguwa ce. Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba, sa'an nan ya ce haka aka haife ta, kakarta ce ta yi ta bugun hannun tun tana ƙarama har ta koma dama a komai. Da ta je koyon saƙa, malamar ta zaunar da ita gaba da gaba, ita kuma ta kwaikwayi abin da take gani, kwarashi ya faɗa hagu, ba wanda ya hana. Ya ce a zamansu na shekara fiye da talatin, nan kaɗai ya ga tana sauri.

Ya sa hular, ya gyara ta da hannu biyu, ya ce bakin ya ɗan matse, ta gaba kuma in ƙara mata zurfin yatsa ɗaya domin sanyin asuba yana kama masa kunne. Tsohuwar ya naɗe ta ya sa a aljihun rigarsa.

Na yi masa ta biyu a 2025 da zurfin da ya nema, ita ma da dama. Ta uku ce na ɗaura niyyar yi da hagu. Yanzu a tsakar gida nake zama da ita bayan la'asar, na kai zagaye na shida sau huɗu ina warwarewa, zaren har ya yi dauɗa, sai an wanke kafin a kai masa.