Tsakanin Wuƙa da Haske: Shawarar da Malam ya Yanke



Mu 'ya'yan malamai an raine mu da kunyar ambaton abin da ke ƙasan cibiya. Shi ya sa mahaifinmu, limamin wani ƙaramin masallaci a Kilomita Biyar, ya shekara yana tashi fitsari sau biyar a dare, muna jin ƙarar butarsa, ba wanda ya ce uffan. Sai a 2024 gwajin jini na PSA da na tsoka suka nuna ciwon daji a furostat, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Alhamdu lillahi, bai bazu ba.

Likita ya ce hanya biyu ce: a cire shi da tiyata, ko a gasa shi da haske. Ya ba mu labarin wani bincike na Ingila a kan maza 1,643, wanda sakamakonsa na 2023 ya nuna cewa bayan shekara 15 waɗanda cutar ta kashe ba su kai uku cikin ɗari ba, ko wace hanya aka bi. Amma ya ja kunnenmu cewa waɗancan an gano tasu da wuri ne, mu kuwa namu ba sa zuwa asibiti sai fitsari ya tsaya.

Mu dai tiyata muka so, a cire a huta. Gashi babu na'urarsa a ƙasarmu. Sai an tafi Duwala a Kamaru, tafiyar kusan kilomita 1,400 ta Garwa-Bulai, a kama haya, a riƙa zuwa asibiti kwana biyar a mako har wajen mako bakwai. Lissafin kuɗi kawai muke yi, mun kuwa san ba mu kyauta ba.

Malam ya saurare mu har muka gama, sannan ya yi wa likita tambaya ɗaya: wace hanya ce ta fi kawo yoyon fitsari? Likita ya ce tiyata, musamman a watannin farko, wasu kuma abin yakan zauna musu. Gashi kuma yakan taɓa hanji, kuma duka biyun suna iya raunana mazakuta.

Nan muka gane abin da ke ransa. A fiƙihun Malikiyya da ya karantar da mu a zaure, mai yoyon fitsari sallarsa ta inganta, amma makaruhi ne ya limanci masu lafiya. Shekara talatin yana gaban sahu. Ya ce, “Ku yara, kwana na Allah ne. Ni alwalata nake tambaya.”

Yayanmu ya yi gardama, ya ce rai ya fi limanci. Malam ya tuna masa cewa likita da bakinsa ya ce ba a ga bambancin rai ba. Bayan istihara muka sayar da filin mahaifiyarmu, da yardarta, jama'ar masallaci suka cika sauran.

Ya dawo daga Duwala a rame, gudawa ta wahalar da shi wata biyu. Yanzu duk wata shida muna kai shi gwajin PSA, kuma daren da za a karɓo sakamako ba mai barci a gidan. Da asuba shi yake tayar da mu, shi yake ja mana salla.