Kafin a zuba siminti, a tambayi ɗan kallo

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A unguwar Birni ta Damagaram akwai wani dattijo, tsohon mushen lakwal, wanda in ana zancen filin kokowa yakan ɗauki kansa mai ɗaki. Bai taɓa ɗaura walki ba, bai taɓa kada kowa ba, ba ya kiɗa, ba ya roƙo. Kallo kawai ya iya, kuma ya fi shekara hamsin yana yin sa. Matarsa takan ce da a ce ana ba da takobi saboda zama a rana, da tuni an rataya masa.

Ya fara kallo ne a dandalin ƙauyen kakanninsa, lokacin da kokowa take wasan kaka. In an gama yankan hatsi, rumbuna sun cika, sai samarin wannan gari su tafi wancan da makaɗansu. Babu katanga, babu ƙofa, babu tike. Jama'a da kanta take zama da'ira: yara a gaba a zaune, manya a tsaye a baya, mata a gefe suna jiran lokacin guɗa. In mutane suka ƙaru da'irar ta buɗe, in suka ragu ta tsuke. Wanda kaye ya burge shi yakan ratsa fili ya manna wa gwaninsa kuɗi a goshi, ba mai hana shi.

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, gwamnati ta ɗauki wannan wasa ta mai da shi gasar ƙasa. An yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa. Daga nan gasar ta riƙa zagaya manyan garuruwa, kowace jiha da nata karo, abin da ya sa dole aka gina wa kokowa gida: da'irar rairayi a tsakiya, matakalan siminti kewaye da ita, rumfar manya a gefe guda, katanga da ƙofofi a waje. Jihohi 8 kowace takan kawo ƴan kokowa 10, mutum 80 ke nan suna neman takobi ɗaya. Filin Damagaram yana ɗauke da sunan Langa-Langa, gwanin da ya ɗaukaka sunan jihar. Dattijon bai yi ƙyashin wannan ci gaba ba. Ya san dandalin ƙauye ba zai ɗauki jama'ar birni ba. Sai dai tun ranar da ya fara hawa matakalar siminti ya tsara wa kansa ma'auni uku da yake auna kowane fili da su, kuma har yau bai sake su ba.

Na farko: shin ɗan kallo yana ganin ƙafafun ƴan kokowa? Wanda bai san wasan ba yana kallon ƙirji da damtse, amma kaye daga ƙafa yake farawa. Duk kujerar da ba a ganin yadda yatsun ƙafa suke shiga rairayi daga gare ta, a wurinsa ba kujera ba ce. Na biyu: shin ana jin kirari da kiɗa da kunne, ko sai ta bakin lasifika? Lasifika tana kai murya nesa, amma tana haɗa makaɗin Dosso da na Agadas ta mai da su hayaniya guda. Na uku, wanda ya fi damunsa: shin talakan da ba shi da ko dala yana da inda zai tsaya?

Ɗan ƙanensa, ɗalibi a jami'ar Damagaram, shi ne abokin gardamarsa. Saurayin yana son kokowa ba kaɗan ba, amma idonsa ya saba da filayen ƙwallon Turai da yake gani a waya. Shi burinsa fili ya ninka girmansa, a sa kujeru masu lamba, a rufe sama, a kafa fitilu da babban allo mai maimaita kaye.

"Baba," in ji shi wata rana da la'asar ana shan shayi a ƙofar gida, "ku kuna son mu dawwama a rana muna cin ƙura, don kawai haka kuka saba."

"Ɗana, ban ƙi inuwa ba, tsufa ma ya sa ina neman ta. Amma in ka ɗaga ni sama har ɗan kokowa ya koma kamar tururuwa, sannan ka ce in kalli allo, me ya fito da ni daga gida? Telebijin ɗina yana nan."

Gardamar ta yi zafi ne a 2018, shekarar da garin ya karɓi bikin 18 ga Disamba, cikar Jamhuriya shekara 60, da sunan Zinder Sabuwa. Kafin nan Dosso ta yi nata a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, kowace an yi mata kwalliya. Damagaram ma ta cika da ƙarar injuna: ana shimfiɗa kwalta, ana ta da gine-gine, ana kawar da rumfunan bakin hanya. Mutane da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja, don garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har zuwa 1926 ya daɗe yana ganin an bar shi a baya. Dattijon ma ya yi murna da hanyoyin. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, a duk fadojin shayi da majalisun da yake zama, kowa yana da ra'ayi game da wuraren wasa da na taro, amma bai gamu da ko mutum ɗaya da ya ce an tambaye shi ba. Masu zanen gini sun san nauyin da ƙarfe yake ɗauka. Wanda ya san inda rana take dukan fuska da ƙarfe huɗu na yamma, da ƙofar da take cushewa in an tashi, shi ne wanda ya yi shekaru yana zama a wurin.

Abin mamaki, saurayin ne da kansa ya kawo wa baffansa hujja daga inda ba a zata ba. A jihar Fulorida ta Amurka akwai katafaren filin shaƙatawa na kamfanin Disney da aka buɗe a 1971, ɗan'uwan wanda aka buɗe kusa da Paris a 1992. A da, a cikinsa akwai wani kogi da aka haƙa, da jirgin ruwa mai tafiya a hankali, da tsibiri mai itatuwa inda yara suke gudu iyaye suna hutawa. A 2024 kamfanin ya ba da sanarwar zai kawar da kogin ya gina sababbin abubuwan hawa na motoci, a 2025 kuma aka rufe wurin. Masoya filin suka rabu biyu. Wasu suka ce tsibirin ya cinye fili mai yawa alhali masu zuwa cikinsa kaɗan ne, gara a sa abin da zai ɗauki dubbai. Wasu suka ce ko wanda bai taɓa taka tsibirin ba yana amfana da shi, don ruwan da itatuwan su ne suke ba ido hutu a tsakiyar cunkoso.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya ya ce: "Ashe ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. Mai lissafi in ya ga fili babu komai a kai, sai ya ce asara ce."

Misalin da ya fi so ya bayar yana nan kusa da gidansa: ƙofar fadar Sarkin Damagaram. A ranakun da ba na biki ba, fili ne kawai, sai dogarai da masu wucewa. Amma ranar hawan salla shi ne yake ɗaukar dawaki da algaita da kakaki da jama'ar da ba ta ƙirguwa, nan kuma ake kallon mahauta suna hawan ƙaho. Da wani ya dubi wannan fili ranar Talata ya ce a yanka shi a yi kantuna, da hawan ya rasa inda zai tsaya. Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni a ƙarni na 19 har Damagaram ta zama abin tsoro ga maƙwabta, bai cika ƙofar gidansa da gini ba. Haka duwatsun Birni: ba wanda ya zana su, amma yara nawa ne suka koyi hawa da sulɓi da ɓuya a kansu ba tare da an karɓi ko tamma a hannunsu ba?

Gaskiya dai ba ta taru a hannun dattijon shi kaɗai ba. Saurayin yana da tasa. Taron dubban mutane ba ya tafiya da ladabin ƙauye. Yana bukatar ƙofofi masu faɗi da yawa, da hanyar da motar asibiti za ta shiga, da ruwan sha, da makewayi, musamman saboda mata, waɗanda rashin waɗannan abubuwa yake hana da yawansu zuwa. Inuwa ma ba alfarma ba ce a ƙasar da rana take da irin wannan ƙarfi. Abin da ba daidai ba shi ne inuwar ta ƙare daidai inda kujerun manya suka ƙare. Kuma faɗaɗa fili ba ya nufin a nesanta mutane daga rairayi: ana iya ƙara matakalai a tsaye maimakon a shimfiɗe, a bar wa makaɗa da ƴan cali-cali wurinsu kusa da jama'a, a ware ɓangaren da kuɗin shigarsa bai fi ƙarfin mai turin kura ba. A waje kuma a bar sarari da itatuwa, inda mai tsire da mai fura da mai lilon yara za su ci abinci, don kasuwar da take kewaye da kokowa rabin bikin ce.

Duk wannan ba ya bukatar ƙwararre daga waje. Yana bukatar zama guda kawai kafin a fara zane: a kira tsofaffin ƴan kokowa, da makaɗa, da ƴan talla, da mata, da shugabannin fadojin samari, a shimfiɗa musu takarda a ce su nuna inda yake musu yoyo. Siminti in ya bushe ba ya jin shawara, kuma abin da aka gina yau jikoki ne za su zauna a kansa.

Har yanzu baffa da ɗan ba su daidaita a kan allo ba. Amma sun yi alkawari guda: duk ranar da gasar takobi ta sake zagayowa Damagaram, saurayin zai yi sammako ya kama wuri a matakala ta uku, gefen da rana take ba wa baya da la'asar. Dattijon ya ce daga nan ake ganin ƙafa, kuma yana so ya nuna wa yaron yadda ake gane wanda zai faɗi tun kafin a taɓa shi. Allah ya kai rai.