Yadda Indiya Ta Tashi Daga Ƙauyen Masunta Zuwa Duniyar Wata

Galibinmu a ƙasar Hausa ta finafinai muka san Indiya, ƙasar rawa da waƙa da yawan jama'a. Shi ya sa ranar 23 ga Agustan 2023, da aka ji kumbonta Chandrayaan-3 ya sauka lafiya kusa da ƙuryar kudancin duniyar wata, wasu suka ɗauka abin daga sama ya faɗo. Alhali shekara 60 aka yi ana ginin, kuma an fara shi ne a inda ba wanda zai yi zato.

Thumba wani ƙauyen masunta ne a bakin teku, a jihar Kerala. A 1962 gwamnatin Jawaharlal Nehru ta kafa kwamitin binciken sararin samaniya, ta ɗora masanin kimiyya Vikram Sarabhai a kansa. Ya zaɓi Thumba saboda ƙauyen yana dab da layin maganaɗisun da ya ratsa tsakiyar duniya, wurin da ya dace da nazarin iskar can sama. Sai dai filin da ake so akwai cocin masunta a cikinsa. Da aka je wa limamin yankin da maganar, ya shawarci mabiyansa suka amince. Cocin ya koma ɗakin aiki, gidan limamin ya zama ofis. Rokar farko da aka harba daga nan, ranar 21 ga Nuwamban 1963, ƙirar Amurka ce, ƴar ƙarama, kuma akwai hoton wancan zamani da ke nuna ana tura kan wata roka a bayan keke.

Masu suka ba su yi shiru ba. Ƙasar da ke karɓar taimakon alkama daga waje, me ya haɗa ta da roka? Amsar Sarabhai ita ce ba tsere zai yi da Amurka ko Tarayyar Sobiyet ba, so yake a yi amfani da fasahar wajen matsalolin talaka. A ganina wannan matsayi ne ya raya shirin. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ISRO a 1969, Sarabhai ya rasu a ƙarshen 1971 yana da shekara 52, amma magajinsa Satish Dhawan bai sauya alƙibla ba. A 1975 Sobiyet ta harba musu tauraron ɗan'adam na farko, Aryabhata. A shekarar kuma suka ari wani tauraro na Amurka, suka kai akwatunan talabijin ƙauyuka kusan 2,400, jama'a na taruwa da yamma suna kallon darussan noma da tsafta da kiwon lafiya. Da yawa daga cikinsu ranar suka fara ganin talabijin.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1979. Rokarsu ta ƙashin kansu, SLV-3, ta tashi daga tsibirin Sriharikota a watan Agusta, ba a jima ba ta faɗa teku. Jagoran aikin shi ne Abdul Kalam, Musulmi, ɗan wani mai kwalekwale daga garin Rameswaram. Kamar yadda Kalam ya sha ba da labari, Dhawan ne ya fito gaban ƴan jarida ya ɗauki laifin a wuyansa, ya kuma nuna yana da yaƙini da mutanensa. Ranar 18 ga Yulin 1980 rokar ta kai tauraron Rohini inda ake so, sai Dhawan ya ja da baya ya tura Kalam ya yi wa ƴan jarida bayani. Irin wannan shugaba ba kullum ake samunsa ba, a ko'ina. Kalam ɗin nan shi ya zama shugaban ƙasar Indiya a 2002.

Akwai wani hoto na 1981 da ake yawo da shi, na tauraron sadarwa APPLE a kan amalanken shanu. Mutane kan ɗauka talauci ne. Dalilin shi ne ana so a gwada eriyarsa a fili, kuma ƙarfen mota zai dagula gwajin, sai aka nemo abin ɗauka na katako.

Ba kullum ƙofa take buɗe musu ba. A farkon shekarun 1990 Rasha ta amince ta ba su fasahar injin roka mai aiki da mai mai tsananin sanyi, Amurka ta matsa lamba aka fasa. Sai da suka kwashe kusan shekara 20 suna faɗi-tashi kafin injin da suka ƙera da kansu ya yi nasara a Janairun 2014. Kafin nan Chandrayaan-1 na 2008 ya taimaka wajen gano alamun ruwa a wata. A Satumban 2014 kumbonsu ya shiga kewayen duniyar Mars a yunƙurin farko, da kuɗi kimanin dala miliyan 74. A 2019 na'urar da suka aika don ta sauka a wata ta tarwatse, suka koma suka gyara, shekara huɗu bayan nan Indiya ta zama ƙasa ta huɗu da ta sauka a can lafiya.

Duk da haka, in za a auna shirin da mizanin Sarabhai, ni a bakin teku zan duba. Guguwar da ta afka wa jihar Odisha a 1999 ta kashe mutum kusan 10,000. Bayan wannan masifa aka gina matsugunan gudun guguwa, aka inganta hasashen yanayi da taimakon taurarin ƙasar. Da guguwar Phailin ta nufo yankin a Oktoban 2013, an hango ta da kwanaki, aka kwashe kusan mutum miliyan ɗaya kafin ta iso, kuma waɗanda suka mutu ba su kai 100 ba.