Rogon Batsari, Nonon Safana

'Yan makaranta, duk wanda ya taɓa tambayar Bakatsine inda ake samun rogo mai daɗi, ya san amsar da zai ji: Batsari. Garin yana kudu maso yammacin birnin Katsina, a ƙasar Sarkin Ruma. Matafiyi yana sauka daga mota zai ga 'yan talla da farantan dafaffen rogo, ga garin ƙuli-ƙuli da yaji a gefe, ga ɗan mai a kwalba.

Na sayi yanka uku na zauna a inuwa. Rogon kirki ba ya son a wahalar da haƙori. Kana taɓa shi yake dargajewa, farinsa tas, ga gari, sai igiyar tsakiya kawai za ka zare. Ƙulin ya ba shi gardi, yajin ya tashe shi. Wanda ya saba da rogon da ya kwana uku a mota kafin ya iso kasuwar birni, zai rantse ba abu ɗaya ba ne.

Rogon nan kuwa baƙo ne. Asalinsa Kudancin Amurka, Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16. Ba a shuka shi da iri, itacensa ake sarewa a dasa, ya yi watanni a ƙasa kafin a tone. Akwai mai daɗi, wanda ake dafawa a ci, akwai kuma mai ɗaci, wanda sai an jiƙa an shanya domin yana da guba. Kada yaro ya tsinci ɗanye a gona ya ce zai gwada. Garinsa ne ake haɗawa da na wake da kuka da kanwa a yi ɗanwake.

Daga nan na nufi kudu zuwa Safana, ƙasar Yariman Katsina. A nan hankalina ya koma kan ƙwarya. Wata Bafulatana ta dama mini fura da ludayi, ƙamshin citta da kanunfari na tashi, kindirmon da kauri, ba a tsinka shi da ruwa ba. Na ce, "Inna, a ƙara." Ta ƙara, amma ta ce nono ya yi wuya yanzu.

Ba sai ta yi dogon bayani ba. Dajin Rugu, wanda ya shimfiɗu a yammacin ƙananan hukumomin biyu, wurin kiwo ne tun kaka da kakanni. Shekarun satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa rugage, sun kuma hana manoma da dama zuwa gonakinsu na nesa. Saniyar da aka kora ba ta ba da nono, rogon da ba a kai gare shi ba kuma a ƙasa yake ƙarewa.

A Italiya, mutane kan yi tafiya takanas domin su ci abincin wani yanki a inda ake yin sa. Akwai cukunsu mai suna Parmigiano-Reggiano. Doka ta hana a kira kowane cuku da wannan suna sai wanda aka yi a yankin Parma da maƙwabtanta, kuma ya yi aƙalla wata 12 a ajiye. Sunan gari ya zama jarin makiyayi. A ganina rogon Batsari bai gaza ba, sai dai a kasuwa kowane mai buhu yana iya cewa nasa na Batsari ne, babu mai tuhumarsa.

Direbanmu ya fara kiran fasinja tun kafin la'asar, don ba mai son dare ya same shi a hanyar nan. Na sa aka ɗaure mini curin fura biyar, na shiga mota.