Kwikwiyo da Haƙoransa

A gidajenmu na Yasore da ƙauyukan Batsari da Safana, ba don ado muke kiwon kare ba. Wanda yake zaune a gefen Dajin Rugu ya san amfanin haushin kare da tsakar dare. Amma sau da yawa mukan ɓata karen tun yana kwikwiyo, a kan silifas ɗaya ko bakin tabarma da ya gwaguya.

Ya kamata mu san dalilin wannan ɓarna. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28. Daga wajen wata 3 zuwa 4 yakan fara famfara kamar ƙannenmu, kafin ya cika wata 7 kuma haƙoran girma 42 sun fito. A tsakanin nan dasashinsa yana ƙaiƙayi da zafi, ba ya samun sauƙi sai ya tauna wani abu. Ba ƙeta ba ce. Takalminmu kuwa yakan zaɓe shi ne domin yana ɗauke da warin jikinmu.

To, me mukan yi? Mu dawo daga makaranta ko gona, mu tarar da littafi a yage, mu ɗauki bulala. Kwikwiyon da ya yi ɓarna da hantsi ba zai gane dukan la'asar ba. Abin da zai koya shi ne tsoron mai gida. Mun sha ganin irin waɗannan karnuka sun girma suna raɓe-raɓe a bayan rumbu, wasu kuma sun zama masu cizon yara. Ko ɗaya ba ya tsaron gida.

Dabarar ba ta cin kuɗi. Mu ba shi abin taunarsa na kansa: igiyar rama mai kauri da aka ƙuƙƙulla, ko tsumma mai tsabta da aka murɗa aka jiƙa da ruwan randa, gama sanyin yana kwantar da dasashi. In ta fara tsinkewa a canja. Idan mun kama shi da takalmi a baki, mu ce "A'a" da murya ɗaya, mu karɓe, mu miƙa masa igiyarsa, ya kama mu shafa kansa. Kada dai a ba shi tsohon takalmi, domin bai san bambancinsa da na zuwa sujada ba. Ɗaure shi wuni guda ma ƙara abin yake yi. Yara su zagaya da shi har ya gaji.

Akwai abin da ya fi asarar takalmi. Totuwar masara tana toshe hanji in ya haɗiye ta, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke shi. Maganin ɓera, takin zamani, gorar maganin feshi da batirin tocila, duk a rataye su sama ko a kulle a ɗaki, abin da ya kamata mu yi ko domin yara masu rarrafe.

Da ya cika wata 3 a kai shi wurin malaman dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Karen da halinsa ya sake farat ɗaya, yana cizon itace da duwatsu yana dalalar da miyau, wannan ba famfara ba ce. Kada kowa ya taɓa shi, a sanar da malaman dabbobi nan da nan. Wanda ya ciza kuma a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a kai shi asibiti a ranar.